Likita ya ce a sassauta wa Baba maganin sukari: ya fid da rai ne?

Assalamu alaikum Malama. Mahaifinmu yana da shekara 79, ya fi shekara 20 da ciwon sukari nau'i na biyu. Tun rasuwar mahaifiyarmu ni ke kula da abincinsa da maganinsa. Yana shan metformin da glibenclamide, da dare kuma a yi masa allurar insulin. Na tsaya tsayin daka, duk abin da aka ce yana tayar da sukari na hana shi, har gwajin HbA1c ɗinsa na baya-bayan nan, wato awon matsakaicin sukarin jini na 'yan watanni, ya nuna 6.2. Amma a shekarar nan ya rame, daga kilo 68 ya koma 61. Tafiya sai a hankali, tashi daga kujera sai ya dafa. Sau biyu yana faɗuwa a hanyar banɗaki da asuba. Wata safiyar sai ya tashi a rikice, ya yi ta faɗa ba dalili, in ya ci abinci kuma ya dawo daidai. Da muka je asibiti likita ya ce a daina glibenclamide, a rage allura, a bar shi ya ci ya ƙoshi, wai ko gwajin ya kai 8 ba laifi. Yayana ya ce wannan maganar wanda ya fid da rai ce, kada mu yarda. Har yanzu ban rage komai ba, ina tsoron makanta da ciwon ƙoda da yanke ƙafa. Me zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan mahaifiyarku, ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya.

Likitan nan bai fid da rai ba. Abin da ya faɗa shi ne abin da ƙwararru a fannin ciwon sukarin tsofaffi suke koyarwa a yau, kuma a ganina bai kamata ki ƙara kwana ba ki bi umarninsa ba. In akwai abin da bai fito miki fili ba, kamar adadin allurar da ya ce a koma, ki kira shi ko ki koma asibitin gobe ki sa ya rubuta miki a takarda. Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne safiyoyin nan da Baba yake tashi a rikice sannan abinci ya dawo da shi. Wannan alama ce mai ƙarfi ta faɗuwar sukari cikin dare. Faɗuwar da ya yi sau biyu da asuba ma tana iya kasancewa daga nan take.

Ana cewa sukari ya faɗi idan na'urar awon sukari ta gida ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a na'urorin da ke awo da ɗaya ma'aunin. Ƙasa da 54, wato 3.0, hatsari ne sosai. Mai ƙuruciya in sukarinsa ya fara sauka jikinsa yakan yi masa kururuwa: rawar jiki, zufa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani. Sai ya nemi abin sha mai zaƙi tun kafin abu ya yi nisa. A jikin dattijo, musamman wanda ya daɗe da ciwon, wannan gargaɗin yakan yi rauni ko ya ɓace gaba ɗaya. Abin da iyali ke fara gani shi ne abin da ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa: jiri, ruɗewa, harshe ya yi nauyi, faɗa ba gaira ba dalili, barcin da ba na sabo ba. Sai a ce ai tsufa ne, ko mantuwa ta fara kama shi. Wasu magungunan hawan jini da na zuciya, irin su atenolol da propranolol, suna ƙara ɓoye bugun zuciyar da rawar jikin, don haka in Baba yana shan irinsu ki tuna wa likita.

Ki fara da gwaji a daren yau. Ki auna shi kafin ya kwanta, ki sake aunawa wajen ƙarfe 2 ko 3 na dare, sannan da zarar ya farka kafin ya sa komai a baki. Duk lokacin da ya rikice kuma, na'ura za ki fara ɗaukowa. In kin ga ƙasa da 70 kuma yana cikin hayyacinsa, yana iya haɗiya, ki dama sukari cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa ki ba shi, ko rabin kofi na lemo mai zaƙi. Wannan kusan giram 15 ke nan. Bayan minti 15 ki sake gwadawa, in bai hau ba ki maimaita, in ya hau ki bi shi da abinci mai riƙe ciki. In kuwa ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki don kada ya shaƙe. A kwantar da shi a gefensa ɗaya, a garzaya asibiti. Ga wata magana da ta shafi glibenclamide musamman: sukarin da wannan magani ya kayar yakan hau ya sake faɗuwa cikin yini guda ko fiye, saboda maganin yana daɗewa a jiki. Ko da Baba ya farfaɗo a gida, faɗuwa mai tsanani a kan wannan magani ta asibiti ce.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya raba ki da yayanki. Ku biyun kuna riƙe da darasin da aka koya muku shekaru 20 da suka wuce, cewa gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon lafiya. A wancan lokacin gaskiya ne. Babban binciken da aka yi a Birtaniya mai suna UKPDS, wanda aka fara a 1977 aka fitar da sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa tsananta riƙon sukari yana rage lalacewar ido da ƙoda. Amma ki duba mutanen da aka yi binciken a kansu. Sababbin kamuwa ne, matsakaicin shekarunsu bai wuce hamsin da 'yan kai ba, kuma sai da aka bi su kimanin shekara 10. Amfanin tsanantawa a hankali yake taruwa, shekara bayan shekara. Illar faɗuwar sukari kuwa a dare ɗaya take zuwa: mutum ya yanke jiki ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye, ya kwanta, daga kwanciyar kuma tsofaffi da yawa ba sa komawa yadda suke.

Daga baya an yi wani binciken a Amurka da Kanada mai suna ACCORD, a kan mutum sama da 10,000 da suka daɗe da ciwon kuma suke da hatsarin ciwon zuciya. An raba su gida biyu. Wani rukuni aka nemi a sauke musu HbA1c ƙasa da 6, ɗaya rukunin aka bar su tsakanin 7 da 7.9. A 2008 aka dakatar da tsanantawar kafin wa'adinta, domin mace-mace sun fi yawa a rukunin da aka matsa wa, kuma faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka kusan sau uku a cikinsu. Matsakaicin shekarun waɗannan mutane 62 ne. Baba ya girme su da shekara 17, kuma lambarsa ta 6.2 tana ƙasa da inda rukunin da aka matsa wa suka tsaya.

Shekaru kaɗai ba su ne ma'auni ba. Akwai ɗan shekara 80 da ke tafiyarsa garau yana hidimar kansa, akwai ɗan 68 da jiki ya riga ya saki. Abin da likitoci ke dubawa shi ne raunin jiki, wato ƙarewar ƙarfin ajiya da jiki ke jingina da shi idan wata lalura ta taso. Kamar rumbu ne: in yana cike, gida yakan haye mummunar shekara ba a ji a jika ba, in ya yi ƙasa kuwa, ɗan ƙaramin fari ya isa ya girgiza kowa. A 2001 wata likita a Amurka, Linda Fried, tare da abokan aikinta suka fitar da alamomi biyar na gane wannan hali: ramar da ba a nema ba, kimanin kilo 4.5 a shekara; gajiya mai yawa; raunin damƙar hannu; tafiya a hankali; da raguwar motsi da zirga-zirga. Wanda ya haɗa uku daga ciki ana lissafa shi mai rauni. Ki sake karanta wasiƙarki. Kilo 7 ya zube a shekara guda, tafiya ta ragu, tashi sai da dafawa. Likitan da ya gan shi abin da ya gani ke nan.

Ciwon sukari da wannan rauni suna ciyar da juna. Ciwon yana saurin cinye tsoka, yana lalata jijiyoyin ƙafa har mutum ya kasa jin inda yake takawa, yana rage gani. A ɗaya ɓangaren kuma, jikin da ya rame ya rage ci ba ya buƙatar maganin da yake buƙata a dā. Adadin da aka yanka wa mutum mai kilo 68 mai cin abinci sau uku ya yi wa mai kilo 61 mai tsakurar abinci yawa. Ga kuma ƙoda, wadda aikinta ke raguwa da shekaru. Ita ce ke taimakawa wajen fitar da insulin da ragowar glibenclamide daga jini, in ta yi sanyi sai su daɗe suna aiki fiye da yadda aka nufa. Saboda haka lambar da ta yi ƙasa a jikin dattijon da ke ramewa ba koyaushe take nufin ciwo ya yi sauƙi ba. Sau da yawa tana nufin magani ya fi ƙarfin jiki.

Wannan ne ya sa Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta kasa tsofaffi kashi uku a ƙa'idojinta. Masu ƙoshin lafiya da kaifin tunani, a nemi HbA1c ƙasa da 7 zuwa 7.5. Masu tarin cututtuka ko waɗanda hidimar yau da kullum ta fara gagararsu, ƙasa da 8, sukarin safe tsakanin 90 da 150, na kwanciya barci tsakanin 100 da 180. Waɗanda jikinsu ya yi tsanani kuwa, a daina bin lambar HbA1c, a mai da hankali ga hana faɗuwar sukari da hana hawan da ke wahalar da mutum. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ma, a jagoranta na kula da tsofaffi na 2013, ta yarda mai rauni ya kai har 8.5. Kin ga 8 ɗin da likitanku ya ambata ba daga kansa ya ƙago ta ba. Shi kansa gwajin HbA1c matsakaicin wata biyu zuwa uku yake nunawa, don haka yana iya ɓoye dare goma na faɗuwa a cikin kyakkyawar lamba. Ƙarancin jini, ciwon ƙoda da ƙarin jini ma suna iya karkatar da shi.

A kan glibenclamide ba ni da wata tantama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta a jerin muhimman magungunanta cewa bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, jerin magungunan da likitocin tsofaffi na Amurka ke gargaɗi a kansu ma ya sa shi a ciki. Haɗa shi da insulin a jikin ɗan shekara 79 mai ƙarancin ci hatsari biyu ne a wuri ɗaya. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake kayar da sukari ba, amma yana da nasa: yana iya rage sha'awar abinci, ya ɓata ciki, kuma shan sa na shekaru yana rage bitamin B12, wanda ƙarancinsa ke kawo kasala, mutuwar ƙafa da mantuwa. Ana rage shi in awon aikin ƙoda da ake kira eGFR ya sauka ƙasa da 45, a daina shi in ya sauka ƙasa da 30. Ki tambayi likita lambar ƙodar Baba, ki nemi a duba B12 ɗin. In an ga ana buƙatar wani magani a madadin wanda aka cire, akwai irin su linagliptin da sitagliptin da ba su cika kayar da sukari ba. Kada kuma wani ya ruɗe ku da sababbin magungunan da ake yayi. Irin su semaglutide suna rage ci da nauyi, irin su empagliflozin suna ƙara fitsari su busar da jiki. Suna da babban amfani ga wasu, musamman masu ciwon zuciya ko ƙoda, amma ga wanda ke ramewa yana faɗuwa sai likita ya auna sosai.

Allurar kuma, ragewa aka ce, ba dainawa ba. Ki tsaya daidai inda likita ya tsaya. Ga masu karatu da dattijonsu ke da nau'i na ɗaya, ku sani ba a taɓa dakatar da insulin gaba ɗaya, komai raunin jiki.

Maganar abinci ita ce na san za ta fi yi miki nauyi, domin a nan kika zuba ƙoƙarinki. Abin da kika yi, kin yi shi ne bisa abin da aka gaya miki, kuma wataƙila shi ya sa har yau Baba yake da idonsa da ƙafafunsa. Sai dai jikin da kike kula da shi ya canza. A yanzu rama ta fi hawan sukari kaɗan hatsari a gare shi. Tsoka ita ce ke riƙe shi a tsaye, ita ce kuma ke zuƙe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, don haka duk tsokar da ta zube an yi asara biyu. Masana abincin tsofaffi suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, in dai ƙoda ba ta yi tsanani ba. Ga Baba wannan ya kama giram 61 zuwa 73. Ƙwai ɗaya yana ba da kimanin giram 6, kofin madara kimanin 8, sauran a cike da kifi, nama, wake da makamantansu, a rarraba a kowane ci maimakon a tara a ci ɗaya. In ba ya iya cin mai yawa, a yi masa kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida. Kada a yi masa allura ya kwana da yunwa. Ki tambaye shi abin da ransa yake so, ki dafa masa, a ci tare da shi, domin dattijon da ya rasa abokiyar zama sau da yawa cin abinci shi kaɗai ne ke kashe masa ci. Lemon kwalba da kayan zaƙi zalla har yanzu ba na yau da kullum ba ne, a ajiye su don ranar da sukari ya faɗi.

Amma kada a ɗora ramar nan duka a kan takura abinci ba tare da an bincika ba. Kilo 7 kusan kashi 10 cikin ɗari ne na nauyinsa. Likita ya duba haƙora da haɗiya, ƙarancin jini, tarin fuka, maƙoƙo, ciwon daji, da kuma damuwa mai tsanani, wadda takan biyo bayan rashi kuma tsofaffi ba su cika faɗa ba.

Albishirin da ke cikin wannan al'amari shi ne raunin jiki ba hanya ce mai tafiya ɗaya ba. Tsoka tana amsa motsa jiki ko a shekara 90, an gwada an gani. Ba a buƙatar wata na'ura. Ya zauna a kujera mai ƙarfi da aka jingina da bango, ya tashi ya zauna sau biyar, ya huta, ya sake, kina tsaye kusa da shi. Ya dafa bayan kujera ya ɗaga dugadugansa. Ya taka cikin gida bayan cin abinci. A ƙara kaɗan kowane mako, kuma in akwai likitan gashi da motsa gaɓɓai a asibitinku ki nemi a tura ku wurinsa. Sai dai a fara bayan an gyara magani, don motsa jiki shi ma yana sauke sukari. A sa fitila a hanyar banɗaki, a kwashe duk abin da ƙafa za ta iya harɗewa da shi, a nema masa takalmin da ke kama ƙafa. A auna hawan jininsa yana kwance sannan yana tsaye, domin maganin hawan jini ma yakan yi wa wanda ya rame yawa ya sa shi jiri in ya miƙe.

Sassautawa tana da iyaka, kuma a nan damuwar yayanki take da gurbi. Idan sukari ya wuce kusan 180 yakan fara zuba cikin fitsari ya ja ruwa tare da shi. In ya daɗe can sama sai yawan fitsarin dare, ƙishirwa, bushewar jiki, gyambon da ba ya warkewa, da cututtukan mafitsara. Tsofaffi kuma ba su cika jin ƙishirwa ba, har abin ya kai ga suma. Saboda haka bayan an rage magani ki ci gaba da awo kina rubutawa a littafi. In kin ga lambobi suna zama sama da 250 kwana biyu ko uku a jere, ko ya kama zazzaɓi, amai ko gudawa, ko ya daina ci da sha, ki nemi likita a ranar, domin a irin wannan yanayi har metformin akan dakatar na ɗan lokaci. Duba ido, duba ƙafafu kullum da awon ƙoda duk suna nan, ba a soke ko ɗaya ba.

Yayanki kuma kada ki ja da shi da baki. Tsoron da ke ranki shi ne a ransa. Ki nuna masa lambobin da kika rubuta na dare da na asuba, ki roƙe shi ya raka ku ganin likita na gaba ya yi tambayarsa da bakinsa. In bayan haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, neman ra'ayin likita na biyu haƙƙinku ne, sai dai kada Baba ya ci gaba da shan glibenclamide kafin a samu ganin na biyun. Ku sa Baba a cikin maganar, jikinsa ne, kuma wasiƙarki ba ta nuna an tambaye shi ba. A gaban likita ku ji daga bakinsa abin da ya fi damunsa, ko faɗuwar ce, ko yunwa, ko yawan allura da ƙwayoyi. Ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da waɗanda ba na asibiti ba, ku nemi a sa muku ranar dawowa cikin mako biyu zuwa huɗu don a duba littafin awon, a auna nauyinsa, a ga ko ragin ya isa ko sai an ƙara.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ku ladan jinya.